Araha Ba Ta Hana Jitar Bariton Amo: Martani

A wani sharhi da ya fito kwanan baya kan kayan kiɗa, wani marubuci ya ɗauki jitar lantarki irin ta bariton, daga cikin masu sauƙin kuɗi, ya duba ta ciki da bai, sannan ya yanke mata hukunci mai tsauri. A ganinsa ƙirarta ta gaggawa ce, sautinta a dagule yake kamar ruwan kududdufi, wuyanta kuma ya yi tsawon da ke gajiyar da yatsu. Daga nan ya yi wa duk 'yan ajinta kuɗin goro, ya ba mai ƙaramin ƙarfi zaɓi biyu: ko ya haƙura har ya tara kuɗin mai tsada, ko ya sassauta tsirkiyoyin jitar da yake da ita har muryarta ta sauka. Ya rufe da karin maganar nan ta araha ba ta ado. Ban musa abin da idon malamin ya gani ba, ban kuma ce kunnensa ya yaudare shi ba. Inda muka raba hanya shi ne wajen ɗora laifi. Yawancin abin da ya lissafa, ko dai ɗabi'ar tsirkiya ce mai kakkaurar murya, wadda kuɗi ba sa canza ta, ko kuma aikin yini ɗaya ne a hannun mai gyara. Ni a ganina, in akwai jitar da ta fi cancanta a saye ta da araha, to bariton ce.

Sai an fara sanin abin da ya mai da jita bariton kafin a auna ta. A jitar yau da kullum, tsirkiya mafi kauri tana kan muryar E, tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa ɗaya. Ta jitar bes tana sauka zuwa 41. Bariton ta zauna a tsakani: galibi ana ɗaure ta a B, wajen sau 62, wasu kuma su kai ta A, sau 55. Tun a 1636 masanin nan na Faransa, Marin Mersenne, ya bayyana cewa abu uku ne ke yanke muryar tsirkiya, wato tsawonta, da nauyinta, da ƙarfin ɗaurinta. Duk wanda ya taɓa kallon makaɗin kalangu yana matsa hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, ya riga ya san na ukun. To, in aka bi shawarar marubucin aka sauke jita daga E zuwa B ba tare da an canza tsawo ko kauri ba, ƙarfin ɗaurin zai ragu da kusan kashi 44 cikin ɗari. Tsirkiyar ta saki ke nan. Za ta riƙa dukan ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuya, waɗanda makaɗa ke kira firet, kuma duk sa'ad da aka buge ta da ƙarfi sai muryar ta yi tsalle sama kafin ta dawo mazauninta. Ana iya rage wannan da tsirkiya mai kauri ƙwarai, amma kakkaurar tsirkiya a gajeren fili taurarewa take kamar sanda, amonta ya dushe, ya kuma mutu da wuri. Maganin gaskiya shi ne tsawo. Jitocin Fender suna da inci 25.5 tsakanin matokaran tsirkiya biyu, na Gibson 24.75. Bariton ɗin Squier mai siffar Telecaster tana da 27, PRS SE 277 tana da 27.7, Danelectro da Gretsch kuma 29.75. Inci 27 yana ƙara ɗauri da kashi 12 cikin ɗari a kan na Fender, 29.75 kuma da kashi 36, sauran giɓin sai tsirkiya ta cike shi, mai lamba 13 zuwa 62 ko 14 zuwa 68 a maimakon 10 zuwa 46 da aka saba. Wannan lissafi bai san farashi ba. Inci ɗaya da rabi na itace ba shi ne ke sa jita tsada ba, kuma bariton ta dala 500 ta same shi cif-cif kamar yadda ta dala 3,000 ta same shi. Jita mai tsada mai gajeren wuya da aka sassauta ba za ta taɓa samunsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a sharhin shi ne yadda ya ɗauka cewa bariton mai araha kwaikwayo ce ta wata ta asali mai tsada. Tarihi ya nuna akasin haka. Nathan Daniel ya kafa kamfanin Danelectro a jihar New Jersey ta Amurka a 1947, kuma babbar sana'arsa ita ce ƙera wa kantin Sears kayan kiɗa masu rahusa, ana sayar da su da sunan Silvertone ga samarin da ba su da kuɗin Gibson. Jikin jitocinsa ba curin katako ba ne. Firam ne na itace mai sauƙi aka rufe shi sama da ƙasa da Masonite, allon nan da ake yi da matsattsen garin katako, aka naɗe gefensa da tef. Na'urar da ke zuƙo kaɗawar tsirkiya ta mai da ita lantarki, wadda ake kira fikof, a cikin kwanson jan-bakin mata ya cusa ta. Wannan mutumin ne a 1956 ya fitar da jita mai tsirkiya shida da dogon wuya da kakkaurar murya, shekara biyar kafin Fender ta fito da tata Bass VI a 1961. Gaskiya ne na farkon nan an ɗaure su ƙasa sosai, kusa da bes, amma daga zuriyarsu bariton ta yau ta fito. Makaɗan ɗakunan ɗaukar sauti na Nashville, irin su Harold Bradley, sun rungume ta suna bin sawun babbar bes da ita domin muryar ta fito a ƙananan rediyo, salon da suka sa wa suna tik-tak. Duane Eddy ya yi faya-fayai da ita. A 1968 kuma, kamar yadda makaɗiyar bes ta Los Angeles Carol Kaye ta sha faɗa, Danelectro ɗinta Glen Campbell ya ara ya buga kiɗan tsakiyar waƙar Wichita Lineman, wanda har yau ake buga misali da shi in ana zancen wannan amo. A zamaninmu ma Phoebe Bridgers da bariton ɗin Danelectro aka san ta a dandamali, ƙungiyar Loathe ta birnin Libaful kuma ta gina nauyin kiɗanta a kan wata Squier mai inci 30, har kwancenta ya zo ya fi sabuwarta tsada bayan an daina ƙera ta.

Za a ce ai waɗannan gwanaye ne, gwani kuwa ko me ka miƙa masa zai fitar da daɗi, kamar yadda Ɗanmaraya Jos ya ratsa duniya da kuntigi, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta taimaki marubucin ba. Makaɗan Nashville da na Los Angeles ba rashi ne ya kai su ga Danelectro ba. Suna da jitoci masu tsada a jingine a ɗaki ɗaya, kuma a wurin da ake biyan kowace sa'a, ba wanda zai jure kayan da ke ƙin zama a murya. Sun zaɓe ta ne domin amonta shi ne abin da ake nema.

Mu koma ga ƙira, inda marubucin ya fi zafafawa. Ya ce bakin firet yana kartar hannu, tsirkiya tana zamewa daga murya, kunnuwan ɗauri kuma ba su da ƙwari. Ya kamata a tambaya, daga ina arahar ta fito? A yau jikin jita da wuyanta da tsagar da firet ke shiga, injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta ne ke yanke su, a Indonesiya ne ko a Sin ko a Amurka, kuma injin ba ya rage daidaito don kayan na talaka ne. Masana'antar Cort da ke yankin Surabaya ta ƙera wa manyan sunaye da dama jitoci, har da PRS SE. Jitocin Squier kansu Fender ce ta fara fitar da su a 1982 domin ta yi gogayya da masu kwaikwayonta na Japan. Abin da ake tsukewa shi ne ladan ma'aikaci da sa'o'in aikin hannu na ƙarshe: goge bakin firet ɗaya bayan ɗaya, daidaita tsayinsu, gyara tsagar matokarin sama, da saitin ƙarshe kafin a sa a kwali. Wato daidai wuraren da marubucin ya ga aibi, kuma daidai wuraren da ake iya kammalawa daga baya. Ɗauki batun zamewar murya. Kunnen ɗauri yana aiki ne da haƙoran da ba sa juyawa baya da kansu, ko da mai araha ne, shi ya sa ba kasafai yake zama mai laifi ba. Abin da ya fi faruwa a bariton shi ne tsagar matokarin sama ta yi wa kakkaurar tsirkiya kaɗan, ta riƙe ta, sai a ɗaura a ji shiru, can kuma ta ƙwace da ɗan ƙara, murya ta gota. Ɗan zarto siriri da baƙin fensir a cikin tsagar sun isa su kashe wannan magana. Bakin firet kuwa, itace ne ke tsukewa in iska ta bushe, ƙarfe kuma ya tsaya yadda yake, sai ya leƙo waje. Wanda ya shigo da jita Kano ko Damagaram zai ga haka da idonsa in hunturu ya kankama, kuma hunturu ba ya tambayar rasit, mai tsadar ma tsukewa take. Aikin mintoci ne da zarto. Wanda ya ciro jita daga kwali bayan ta yi makonni a cikin teku, ya buga ta yadda ta zo, ya yanke hukunci, to tafiyar ya auna, ba ƙirar ba.

Batun sauti ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan ne camfi ya fi yawa a tsakanin makaɗa. Marubucin ya ɗora dagulewar sautin a kan itace mai araha. A jitar da ba ta lantarki ba, wannan magana ce mai nauyi, don jikin ne ke tura iska. A ta lantarki kuwa maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai yake jin motsin tsirkiyar ƙarfe, kuma maganaɗisu ba ya jin itace. Iyakar tasirin jiki da wuya shi ne yawan ƙarfin da suke sace wa tsirkiya. Manfred Zollner, farfesa a Regensburg ta Jamus, ya shafe shekaru yana aune-aune, ya rubuta babban littafi kan kimiyyar jitar lantarki, kuma abin da ya cim ma shi ne rawar da itacen jiki ke takawa ƙarama ce in aka gwada da fikof da waya da lasifika. A 2022 wani makaɗin Nashville, Jim Lill, ya ɗaura tsirkiyoyi tsakanin tebura biyu, babu jiki babu wuya, ya sa fikof a daidai wurinsa da tsayinsa, sautin ya fito kusa ƙwarai da na jita mai tsada da ya gwada su tare. Ba sai an yarda cewa itace ba ya komai ba kafin a ga cewa ba shi ne ya dagula sautin ba. Dalilan dagulewar sanannu ne. Na farko, lasifikar jita mai inci 12 takan fara rauni daga wajen kaɗawa 70 zuwa 80 abin da ya yi ƙasa, B ɗin bariton kuma tana 62, balle a ce ƙaramar amfilifayar ɗaki ce mai lasifika inci 8. In aka ƙara mata bes domin a ji nauyi, sai ta shaƙe. Rage bes ake yi, a bar tsakiya ta ɗauki muryar. Na biyu, muryoyi biyu makusanta in aka haɗa su a can ƙasa, kunnen ɗan Adam ba ya iya raba su, sai su cakuɗe. Je ka ɓangaren hagu na fiyano mafi tsada a duniya ka danna maɓallai uku makusanta, za ka ji wannan gurnani. Saboda haka wanda ya kwaso kamun yatsun jitar yau da kullum, tsirkiya shida gaba ɗaya, ya zuba wa bariton, dole ya ji kududdufi. Masu ita sun san ana buɗe tazara, a buga biyu ko uku, a bar kowace murya ta sha iska.

A nan ma akwai inda araha ta zama riba. Bariton masu rahusa da dama suna zuwa da fikof mai naɗi ɗaya, marar ƙarfi sosai, mai kaifin sauti. A jitar yau da kullum wasu kan ce ya yi tsini. A kan kakkaurar tsirkiya kuwa kaifin nan shi ne ke fito da bakin kowace murya, kuma shi ne sirrin kwanson jan-bakin Nathan Daniel. Fikof mai naɗi da yawa da ƙarfi yakan danne saman sauti, abin da bariton ba ta da rarar da za ta bayar. Illar mai naɗi ɗaya ita ce yana kwaso ƙugin wutar gida, sau 50 a daƙiƙa a Turai da ƙasashenmu, 60 a Amurka, kuma wannan illa tana tare da Telecaster mafi tsada ita ma. Tun 1957 Gibson ta fara sa maganinta a jitocinta, fikof mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙirƙiro, wanda kuma ya fi son haka zai same shi a bariton masu araha da dama.

Sai wahalar yatsu. Ana samun nisan firet na farko ne ta hanyar raba tsawon da 17.817. A jitar Fender ya kama milimita 36 da 'yan kai, a bariton mai inci 27 kuma 38 da rabi. Bambancin milimita biyu ne, bai kai faɗin ƙwayar dawa ba. Daga firet na ɗaya zuwa na huɗu, inda hannu ya fi miƙewa, tazarar ta tashi daga milimita 97 zuwa 103. A mai inci 29.75 ta kai kusan 114, kuma a nan na yarda da marubucin, mai ƙaramin hannu zai ji a jikinsa, dogon wuyan kuma yakan rinjayi jiki ya sunkuya in an rataya ta. Amma wannan zance ne na zaɓen tsawo, bai shafi kuɗi ba, don mai tsada mai inci 30 haka za ta miƙar da yatsu. Abin da ke sa sabuwar jita ta yi tauri a hannu galibi tsayin tsirkiya ne daga kan wuya. Masana'anta kan bar shi sama da gangan don kada ta yi ƙara a kanti. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake murɗawa a daidaita lanƙwasarsa, akwai kuma kusoshi a jakin da tsirkiya ke hawa a ƙasa, na tsayi da na nisa, waɗanda ake ja baya har muryar firet na 12 ta yi daidai da ta sakakkiyar tsirkiya. Ba a ga alamar an taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba a sharhin.

Akwai hujjar da ta fi duk waɗanda marubucin ya kawo ƙarfi, kuma adalci ne a faɗe ta. In sai an biya mai gyara, an sayi sabbin tsirkiyoyi, wataƙila an canza matokari, ina arahar? Sannan a wannan aji jita biyu daga kwali ɗaya kan bambanta, wani ya dace wani ya yi rashin sa'a, kuma akwai aibin da ba ya gyaruwa da sauƙi: wuyan da ya murɗe, sandar cikin wuya da ta ƙi juyawa, ko jakin da aka dasa ba a wurinsa ba. Wanda ke zaune inda babu mai gyaran jita, kuma tsirkiyar bariton sai an yi odarta daga waje, nauyin ya fi yawa a kansa. Duk wannan haka yake. Amma a yi lissafi. Kuɗin saiti da tsirkiya ɗan yanki ne na tazarar da ke tsakanin jitar dala 500 da wadda ta ninka ta uku ko huɗu, kuma mai tsadar ba ta tsira daga saiti ba, ita ma sai an daidaita ta da hannun mai ita da yanayin garinsa, kuma tsirkiya iri ɗaya take ci. Abin da ƙarin kuɗi ke saya shi ne raguwar caca da kyan gamawa, abubuwa ne masu daraja, sai dai ba su ne amon bariton ba. A kuma tuna cewa ga mafi yawan makaɗa bariton jita ce ta biyu, ta waƙa biyu ko uku a dare, ko ta mawaƙin da muryarsa ta fi zama a ƙasa kuma ba ya son sake koyon kamu. Ce wa irin wannan mutum ya jira sai ya tara dubban daloli daidai yake da ce masa ya haƙura da ita ɗungurungum, kamfanoni kuma ba su cika ƙera bariton masu tsada da yawa ba, zaɓin ya fi yalwa a ƙasa da tsakiya.

Cacar ma ana iya rage ta kafin kuɗi su bar aljihu, kuma wannan ne ya kamata sharhin ya koya wa mai karatu a maimakon ya kore shi daga kasuwar. A ɗaga jitar a hango wuyan daga kai zuwa jiki, a ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. A sa makulli a sandar wuya a tabbata tana motsi hagu da dama. A auna daga matokarin sama zuwa firet na 12, a ninka biyu, a ga jakin yana nan ko ya ɗara da 'yan milimitoci, kuma kusoshinsa suna da sauran filin ja baya domin tsirkiya mafi kauri. A duba tsirkiyoyin gefe biyu ko sun bar tazara ɗaya daga bakin wuya. A buga kowane firet a saurari inda murya ke mutuwa. Jitar da ta faɗi a ɗaya daga cikin na farkon nan uku a mayar wa mai kanti, ko nawa aka yi ragi. Wadda ta haye su, ko da bakin firet ɗinta na karta kuma tsirkiyarta ta yi sama, a kai ta wurin mai gyara tare da tsirkiya mai lamba 13 zuwa 62, a rage bes a amfilifaya, sannan a zauna a saurare ta.